Ciwon ciki mai yawan dawowa ga ƙananan yara

Ciwon ciki mai yawan dawowa shi ne ciwon da ke taso wa yaro ya lafa, sannan ya sake tasowa. A shekarar 1958 likitan yara John Apley na Ingila ya bayyana shi da cewa ciwo ne da ya taso aƙalla sau 3 cikin wata 3, har ya hana yaro wasa ko zuwa makaranta. Bincikensa ya nuna kusan yaro 1 cikin 10 na 'yan makaranta yana fama da shi.

Dalilai

A yawancin yara ba a samun wata cuta a jiki, kuma ciwon yakan tsaya a wajen cibiya. Amma akwai cututtukan da ke kawo shi: tsutsar ciki, taurin bayan gida, cutar mafitsara, tsargiya, taifod, gyambon ciki da sikila. Gubar dalma ma tana sa murɗar ciki.

Yadda ake ganowa

Ƙaramin yaro ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, kuma kalmar "ciki" a Hausa ta haɗa tumbi da hanji da mara. Shi ya sa bayanin uwa ya fi komai amfani. Likita zai tambayi lokacin da ciwon ke tasowa, ko bayan cin abinci ne, yadda bayan gida da fitsari suke, irin ruwan da ake sha, da ko akwai mai sikila a dangi. Daga nan zai taɓa cikin, ya auna nauyi da tsawo, ya duba idanu da tafin hannu saboda ƙarancin jini. Idan da buƙata, a gwada bayan gida da fitsari da jini, ko a yi hoton ciki.

Alamomin haɗari

Ana gaggauta kai yaro asibiti idan ciwon ya zo da rama, zazzaɓi mai dawowa, jini a bayan gida ko fitsari, koren amai, kumburin ciki, ko kuma yana tashin yaro daga barci.

A Isa da Sabon Birni

A watan Maris na 2024 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta samu rahoton wata cuta a ƙaramar hukumar Isa, wadda ta fi kama yara masu shekara 4 zuwa 13. Alamominta su ne ciwon ciki, taruwar ruwa a ciki, zazzaɓi, amai da rama. A watan Afrilu hukumar ta sanar da mutum 164 da ake zargin sun kamu, 4 sun rasu, kuma gwajin farko ya nuna dalma a jinin wasu. Makamancin haka ya faru a Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400.

Saboda haka a garuruwa irin su Unguwar Lalle, inda rashin tsaro ke wahalar da tafiya asibiti, yana da muhimmanci ma'aikacin lafiya ya tambaya ko akwai wasu yara a gida ko unguwa masu irin ciwon. Wanda ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.