Hadda da Kawo Nassi a Jarrabawar Adabin Ingilishi: Nazari a Kan Ɗaliban Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya zauna jarrabawar Adabin Ingilishi ta WAEC ko NECO ba ya shiga ɗaki da littafi. Duk nassin da zai kafa hujja da shi, daga ka zai fito. Wannan muƙala ta dubi abin da ke sa nassin ya sauya kama tsakanin littafi da takardar amsa, musamman a ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa na kudancin Jihar Katsina.

2.0 Abin da Jarrabawa Take Nema

A takarda ta ɗaya ta WAEC, akwai tambayoyi a kan wasan kwaikwayon Shakespeare, inda ake tsakuro zance a tambayi wanda ya faɗe shi da wanda aka faɗa wa. Daga 2016 zuwa 2020 Othello aka karanta, daga 2021 zuwa 2025 kuwa A Midsummer Night's Dream. A takarda ta biyu da ta uku, wato ta zube da ta wasan kwaikwayo da waƙa, ɗalibi ne ke kawo nassin da kansa. Idan ya sanya kalmomi cikin alamar zancen wani, ya yi da'awar cewa haka marubuci ya rubuta su, harafi da harafi.

3.0 Al'adun Riƙe Zance Biyu

Ɗan wannan yanki ya tashi ne cikin al'adu biyu na riƙe zance. Ta farko ita ce haddar makarantar allo, wadda ba ta lamunce ko sauya wasali ba. Ana rubutawa, a biya wa malam, a gyara, sannan a yi ta tilawa. Ta biyu ita ce ta adabin baka, inda mai tatsuniya ko makaɗi ke riƙe ƙashin bayan zance, ya sake masa tufa a kowane zama. Alhaji Mamman Shata, wanda ya daɗe zaune a Funtuwa, ya yi fice wajen ƙari da ragi a waƙa ɗaya gwargwadon mahalli. Albert Lord (1960) ya bayyana irin wannan ɗabi'a ga mawaƙan baka na Yugoslabiya.

Matsalar ita ce ɗalibi kan tunkari matanin Ingilishi da al'ada ta biyu, alhali alamar zancen wani ta farko take buƙata. Bartlett (1932) ya nuna cewa mai tunawa sake gina zance yake yi, yana jan baƙon abu zuwa ga wanda ya saba da shi. Shi ya sa tsofaffin lamiran Ingilishin Shakespeare da baƙon jerin kalmominsa kan koma Ingilishin yau a alƙalamin ɗalibi ba tare da ya ankara ba.

4.0 Tasirin Kunne da Yankewar Karatu

Inda littafi ya yi ƙaranci, nassi ta kunne yake shiga, daga shiftar malami. A nan tsarin sautin Hausa kan yi aikinsa: /p/ da /f/ su cakuɗe, a kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka jeru. Abin da kunne ya ɗauka a karkace, haka hannu zai rubuta shi.

Hadda kuma ba ta zama sai da bita a kai a kai. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana. A Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, abin da ya toshe hanyar samun matani ta waya. Kowane alaramma ya san makomar haddar da aka yi watanni ba a waiwaye ta ba.

5.0 Mafita

Dabarun tsangaya suna iya amfani a nan. Malami ya zaɓi gajerun nassoshi, kalma uku zuwa bakwai, kowanne a ɗaure da jigo ko tauraro. Ɗalibi ya kwafe su da hannunsa daga littafi, ya biya wa abokinsa wanda ke duba shafin, ya riƙa bitarsu kowane mako. Sai dai bambanci ɗaya ya wajaba a kiyaye: a tsangaya fahimtar ma'ana kan biyo bayan hadda, a ajin adabi kuwa dole ta riga ta, domin mai maki sharhi yake nema, nassi shaida ne kawai. Inda ɗalibi ya yi kokwanton lafazi, ya faɗi ma'anar da kalmominsa, ya bar alamar zancen wani.

6.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa ɗaliban wannan yanki sun gaji horon hadda mai tsauri, amma ba a cika haɗa shi da darasin Ingilishi ba. Ya kamata manazarta Hausa su binciki yadda za a yi wannan haɗi, domin su suka fi kowa sanin al'adun biyu.