Laburaren haya: abin dubawa kafin makarantun Haɗejia su biya kuɗin littattafan intanet

A daminar 2022, ambaliyar Kogin Haɗejia ta mamaye garuruwa a Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kiri Kasamma. Littafin takarda in ya sha ruwa, ya tashi aiki. Shi ya sa laburaren da ɗalibi zai buɗe a wayarsa yake da farin jini a wannan yanki. Sai dai shi ma da nasa tarkon.

Kamfanoni irin su EBSCO da ProQuest suna haɗa dubban littattafai da mujallu a ƙunshi guda, makaranta ta biya kuɗin shekara. Tsarin ya yi kama da na DStv: a biya tashoshi barkatai, a kalli huɗu ko biyar. Ƙunshin da aka tsara domin ɗaliban Amurka ba lallai ne ya taɓo manhajar WAEC ko NECO ba.

Babbar matsalar ita ce haya ce, ba saye ba. Ranar da kuɗi ya ƙare, a ranar laburaren zai rufe. Ga kuma canjin dala: kafin Yunin 2023 tana wajen naira 460 a hukumance, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500.

Akwai hanyoyin da ba su kai haka tsada ba. Manyan makarantu, irin su Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗejia, su ne ajin da aka yi Research4Life dominsu; a cikinsa akwai AGORA, rumbun mujallun noma da FAO ta buɗe a 2003. Firamare da sakandare kuwa suna da Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kuma kyauta ne. Inda sabis ke yawan ɗaukewa, Kiwix na adana Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba data. Kolibri kuma kwamfuta ɗaya ta isa ta raba darussa zuwa wayoyi ta Wi-Fi.

Kafin shugaban makaranta ya sa hannu, ɗalibai da iyaye na da haƙƙin yi masa tambaya uku: nawa ne daga cikin ƙunshin ya dace da manhajar karatu? Yana buɗewa babu sabis? In ba a sabunta ba baɗi, me zai rage a hannun makaranta?