Kiran Aiki da Sunansa a Lokacin Gudanar da Manhaja: Matsayin Wakili a Harshen C#

Abin da muke son tattaunawa a wannan takarda shi ne yadda manhaja za ta kira wani aiki wanda ba a san sunansa ba sai bayan ta soma gudana. Da kalmar "aiki" muna nufin gungun umarni mai suna da ke cikin aji, kamar a ce aji mai suna Lissafi yana ɗauke da Jimla da Matsakaici don sarrafa makin ɗalibai. Bisa al'ada, marubucin manhaja shi ke rubuta sunan aikin, manhajar harhaɗawa kuma ta tabbatar akwai shi tun kafin a gudanar da komai. To, amma idan malami ne zai buga sunan yayin da yake gaban kwamfuta, ko kuwa daga fayil za a karanto shi, wannan dubawa ba ta samuwa, domin sunan bai wuce jerin haruffa ba.

Dandalin .NET, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 2002 tare da harshen C#, ya tanadi hanyar da manhaja ke binciken kanta. Ana miƙa wa GetMethod sunan, shi kuma ya komo da bayanin aikin, wato MethodInfo. Idan babu aiki mai wannan suna, null yake mayarwa, bai ce uffan ba. Idan kuwa ayyuka biyu ke da suna ɗaya, sai ya cije, har sai an faɗa masa irin abubuwan da aikin ke karɓa. Daga nan ana iya kiran aikin ta hanyar Invoke. Sai dai kuma a kowane kira dole a zuba abubuwan shigarwa cikin jeri, a sake tantance su ɗaya bayan ɗaya, kuskuren da ya auku a cikin aikin kuma yakan fito a lulluɓe cikin TargetInvocationException.

A nan ne amfanin wakili yake. Wakili abu ne da ke riƙe da adireshin aiki, yana kuma da siffa tabbatacciya, wato irin abin da yake karɓa da irin abin da yake mayarwa. Idan aka ba Delegate.CreateDelegate siffar da ake so tare da bayanin aikin, sau ɗaya tak ake tantancewa. In siffar ba ta dace ba, nan take zai ƙi, tun ba a taɓa makin ɗalibi ko ɗaya ba. In ta dace, kowane kira bayan wannan kusan daidai yake da kiran kai tsaye wajen sauri, abin da ke da muhimmanci ga mai lissafa sakamakon dubban ɗalibai. Tun daga 2007 ma ba lallai marubuci ya ƙirƙiri siffar da kansa ba, akwai dangin Func a shirye.

Ya kamata mu lura cewa wakili siffa yake dubawa, ba ya duba nufi. A ɗauka ajin nan na Lissafi yana da wani aiki a buɗe mai suna Goge, wanda ke karɓar jerin maki ya share su, sannan ya mayar da adadin da ya share. Siffarsa ɗaya da ta Jimla. Duk wanda ya buga "Goge" a gurbin suna, wakili zai karɓe shi hannu bibbiyu. Saboda haka, a ganinmu, inda sunan daga waje yake zuwa, gara marubuci ya gina ƙamus, wato Dictionary, ya jera sunayen da aka yarda da su, kowanne da wakilinsa, sunan da ba ya ciki kuma a mayar da shi. Wannan yana maganin wata matsalar dabam: kayan aikin da ke datse sassan manhaja da ba a amfani da su sukan iya yar da aikin da ba a kiransa sai ta suna. Wajen rubuta sunayen cikin ƙamus kuwa, kalmar nameof da ta shigo C# a 2015 tana sa manhajar harhaɗawa ta kama kuskuren harafi tun a teburin marubuci.