YADDA AKE AUNA IDO KAFIN A RUBUTA TABARAU

A Kasuwar Gudu da ke Abuja, da kan hanyoyin da suka kewaye ta, ana ganin 'yan talla da tabarau jere a kan faifai. Mai saye yakan ɗauki wannan ya ajiye wancan, har ya dace da wanda rubutu ya ɗan fito masa, sai ya biya ya tafi. Amma tabarau na gyaran gani magani ne, kuma kowane ido da nasa awon. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa rashin tabarau da ya dace shi ne kan gaba wajen jawo raunin gani mai sauƙi da matsakaici a Nijeriya. Saboda haka ya kamata jama'a, musamman direbobi da teloli da masu gyaran waya da 'yan makaranta, su san yadda ake wannan awo.

Abin da ake aunawa

Haske yana shiga ta gaban ido, ya ratsa wani ɗan madubi da ke cikinsa, ya taru a bangon baya inda jijiyoyin gani suke. In ya taru daidai a kan bangon, mutum ya gani sarai. In ya taru kafin ya kai, abin da ke nesa sai ya yi dishi-dishi. In kuwa ya kai bangon bai gama taruwa ba, ido yakan wahala, musamman wajen aikin kusa. Akwai kuma idon da gabansa bai yi kumburi bai ɗaya ba, ya fi kama da ƙwai, wannan yakan ga abu da inuwa-inuwa nesa da kusa. Daga wajen shekara 40 madubin cikin ido yakan fara taurara, shi ya sa dattijo yake miƙa hannu da takarda kafin ya karanta. Aikin mai awon ido shi ne ya gano wanne ne daga cikin waɗannan, da kuma yawansa a kowane ido.

Matakan awo

Da farko akan yi tambayoyi: shekarun mutum, sana'arsa, ko yana ciwon kai, ko yana da ciwon sukari ko hawan jini. Lalle ne a faɗi gaskiya, domin sukari in ya hau yakan sauya awon ido na ɗan lokaci.

Na biyu shi ne allon haruffa, wanda wani likita ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya ƙago a 1862. Mutum yakan zauna mita 6 daga allon, a rufe ido ɗaya, ya karanta daga manyan haruffa zuwa ƙanana. In an rubuta 6/6, ganinsa daidai ne. In an rubuta 6/12, watau abin da lafiyayyen ido yake gani daga mita 12, shi sai ya matso mita 6. Wanda bai yi karatun boko ba kada ya ji kunya, akwai allo mai harafin E kaɗai, yana fuskantar sama ko ƙasa, dama ko hagu, sai dai a nuna da yatsu. Akan kuma sa mutum ya leƙa ta wata 'yar huda. In gani ya gyaru ta hudar, alama ce tabarau zai yi amfani.

Na uku, mai awo yakan rage hasken ɗaki, ya haska ido da wata 'yar fitila, yana lura da yadda hasken yake motsi a ƙwayar ido, yana sauya gilasai har motsin ya tsaya. A wurare da yawa akwai na'ura mai kwamfuta da ke yin wannan cikin daƙiƙu kaɗan. A nan ba a bukatar mutum ya ce kome, don haka hanyar tana da amfani ga yara ƙanana. Su yara akan ɗiga musu magani don ido ya saki jiki, kuma ganinsu na kusa yakan dushe na wasu awoyi kafin ya dawo.

Na huɗu shi ne gwaji da baki. Akan ɗora wa mutum firam na gwaji, ana sa gilashi ana cirewa, ana tambaya: na farko ya fi ko na biyu? Ƙarfin gilashi ana ƙirga shi da ma'aunin da ake kira diyofta, ana hawa da sauka da 0.25. Kada a matse ido, kada a yi cinta, kuma in biyun sun zo ɗaya a ce sun zo ɗaya. Daga nan sai a gwada karatu a nisan kamar santimita 40, a kuma auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ido biyu da milimita, don tsakiyar gilashi ta dace da tsakiyar ido.

Karanta takardar awo

A ƙarƙashin SPH akan rubuta ƙarfin gilashi. Alamar ɗebewa, kamar -2.00, ta mai wahalar ganin nesa ce, alamar tarawa, kamar +1.50, ta ɗaya ɓangaren ce. CYL da AXIS na ido mai siffar ƙwai ne, AXIS yana nuna kusurwar gyaran, daga 1 zuwa 180. ADD ƙari ne na karatu, yakan fara daga wajen +1.00 ya kai wajen +2.50 yayin da shekaru suke ƙaruwa. Tabarau na faifai ƙarfinsa ɗaya ne a ido biyu, ba shi da CYL, ba a kuma auna tazarar idon kowa ba.

Abin da tabarau ba ya warkarwa

Mai awo yakan duba cikin ido, ya kuma auna ƙarfin ruwan da ke cikinsa. Ta haka ake gano yanar ido, da ɓarnar ciwon sukari, da hawan jinin ido, wanda yake cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Wanda ya wadatu da tabarau na kan hanya yana iya karanta jarida sarai alhali wannan cuta tana aikinta. Masu irin wannan larura akan tura su ga likitan ido, a asibitocin Abuja ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano.

Kira ga jama'a

Tun 1989 doka ta kafa hukumar da ke yi wa masu awon ido da masu haɗa tabarau rajista a Nijeriya, kuma kowa yana da ikon neman ganin shaidar rajistar wanda zai duba shi. Kada a ari tabarau na wani. A kai yaron da ke matsawa kusa da allo ko yana matse ido. Wanda ya haura shekara 40, da mai ciwon sukari, da wanda aka taɓa samun hawan jinin ido a danginsa, su riƙa zuwa awo a kai a kai ko da ba sa jin kome. A ajiye takardar awo da kyau, a zo da ita da tsohon tabarau a zuwa na gaba.