Auna Iskar Teku Daga Sama

Manomi ba ya sayen gonar da bai taka ba. Haka nan masu kafa manyan fankoki na lantarki a cikin teku, dole su san ƙarfin iskar wurin kafin su zuba kuɗi. To, ƙaƙa mutum zai taka teku?

Mutanen Denmark ne suka fara wannan aiki a 1991, da fankoki 11 a wani wuri da ake kira Vindeby. Hanyar da aka saba ita ce a kafa dogon ƙarfe a cikin ruwa, a ɗaura masa ma'auni, a jira shekara ɗaya ko biyu. Akwai tsada ƙwarai, kuma labarin wuri guda kaɗai yake bayarwa.

Ku lura da tafki da sassafe. In babu iska, ruwan yana kwance sumul. Da iska ta taso sai fuskarsa ta yamutse. Wannan yamutsi ne tauraron ɗan Adam yake karantawa. Yana aiko da sigina ta rada zuwa kan ruwa. Ruwa mai santsi ya watsar da ita gefe, mai yamutsi ya komar da ita sama. Daga yawan abin da ya komo ake lissafta gudun iskar. Dare ko gajimare ba sa hana shi. Amurka ta gwada da Seasat a 1978, ya yi wata uku ya lalace. QuikSCAT ya yi aiki daga 1999 zuwa 2009, Turai kuma ta harba Sentinel-1 na farko a 2014.

Kuskure kaɗan babbar hasara ce, gama in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka takwas. Ga shi kuma tauraron wucewa yake yi, ba ya tsayawa, kuma lissafinsa na iskar mita 10 bisa ruwa ne, alhali kan fankokin yau ya wuce mita 100. Saboda haka ba a yar da ma'auni ba. Tauraro ya nuna inda za a duba, ma'auni ya tabbatar.

A Horns Rev, inda aka kafa fankoki 80 a 2002, hotunan rada sun nuna iska ta raunana a bayan fankokin har kilomitoci da dama. Wato gonar iska tana iya rage wa maƙwabciyarta, kamar mai lambun da ke sama da naka a bakin rafi.