Riƙon Sanda Kamar Riƙon Gatari Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai faskare yana aiki a ƙofar gida ya san ba ƙarfin damtse kaɗai ke tsaga itace ba. Ƙato zai zo ya damƙe ƙota kamar zai murƙushe ta, ya yi ta sara itacen yana nan daram, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Dattijon da ya saba kuwa, a kan yatsunsa ƙotar take kwance, riƙon sako-sako, sai bakin gatari ya zo taɓa itace sannan hannun ya matse da kansa. Wannan riƙon ne masu horar da 'yan mata wasan sofbol a Amurka suke fama su koyar, har kasuwa guda ta kafu ta kayan gyaran riƙo.

Sofbol ƙanwar besbol ce. A Shikago aka fara ta a 1887, yau kuma mata ne suka fi shahara da ita, har ta shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. 'Yan shekara 10 zuwa ƙasa ana jefo musu ƙwallo mai kewayen inci 11 daga nisan ƙafa 35, manya kuma mai inci 12 daga ƙafa 43. Daga irin wannan kusancin, kafin ƙiftawar ido ƙwallo ta iso, hannun da ya sandare kuwa ba ya cim mata.

Kuskuren yara kusan iri ɗaya ne. Yarinya takan cusa mariƙin sandar bugu can cikin tafin hannu ta matse, saboda tsoron kada ta suɓuce mata. Da ta yi haka wuyan hannu ya kulle, sanda ta zo a makare. Shi ya sa masu horarwa ke cewa a kwantar da mariƙin a gindin yatsu, a jera gaɓoɓin tsakiya na hannu biyu, waɗanda ake ƙwanƙwasa ƙofa da su, su zo kusan a layi ɗaya. Ted Williams, ɗaya daga cikin gwanayen bugu a tarihin besbol, shi ma da saran gatari ya kwatanta bugun a littafinsa The Science of Hitting. Daga wannan tunani aka ƙera sandar Axe Bat, wadda mariƙinta ya yi kama da ƙotar gatari, yadda hannu zai zauna daidai ba sai an yi ta tuna masa ba.

To amma kafin uba ya sa hannu a aljihu, ya fara duba nauyin sandar, domin a ganina yawancin matsalar riƙo daga nan take tasowa. Babu mai hankalin da zai miƙa wa yaro gatarin babansa sannan ya yi mamakin ya damƙe shi da hannu bibbiyu yana nishi. A jikin kowace sanda akwai lamba da ke nuna bambancin tsawo da nauyi: mai inci 28 da oza 17, lambarta -11. Ƙananan yara sun fi jin daɗin -11 zuwa -13. Iyaye da yawa sukan sayi babba wai yarinya ta girma da ita, sai ta shafe shekara tana koyon mugun riƙo. Sandar da yarinya ba za ta iya miƙewa da hannu ɗaya ta riƙe na ɗan lokaci ba tare da kanta ya sunkuya ba, ta yi mata nauyi, kuma babu robar da za ta gyara wannan.

Idan sanda ta yi daidai, sai a dubi ciwon da ake son magancewa. Mai faskare yakan naɗa robar tayar keke a ƙotar da ke zame masa, kuma aikin da tef irin na Lizard Skins yake yi ke nan. Yana zuwa da kaurin milimita 0.5, 1.1 da 1.8. Mai kaurin yana rage zogin da ke ratsa hannu idan ƙwallo ta bugi wurin da bai dace ba, sai dai yana ƙara wa mariƙi kauri, ƙaramin hannu kuma bai cika iya zagaye shi ba. Ga yarinya ƙarama na fi son siririn ko matsakaicin.

Akwai kuma zoben roba irin na ProHitter, da ake zurawa a babban yatsan hannun sama. Yana cike gurbin da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ya turo mariƙin zuwa kan yatsu. Wannan na ga amfaninsa, muddin an sayi na yara, don na manya lilo zai yi ta yi a hannunta. Robar da ake sakawa a gindin sanda kuwa, tausasa wa hannun ƙasa wurin zama take yi, ba ta koyar da komai.

Yadda ake amfani da su ya fi sayen muhimmanci. A ɗora ƙwallo a kan turken atisaye, yarinya ta yi bugu kaɗan da zoben, a cire ta maimaita da hannu tsirara, har yatsu su haddace wurin zamansu. Ranar gasa kuma a tambayi alƙalan wasa tukuna, domin kowace ƙungiya da dokarta kan abin da aka yarda a maƙala wa sanda.

Iyaye da masu horarwa, bayan atisaye ku ce yarinya ta buɗe hannunta ku duba. In kanta ta fito a gindin yatsu, riƙon ya zauna, ku bar kuɗinku a aljihu. In kuwa tsakiyar tafi ce ta yi ja, ku fara gwada mata sanda marar nauyi kafin ku sayi komai.