Tamale: Wa ya kori mai keke daga hanyarsa?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka a Tamale, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Gana, ko daga Paga ya gangaro, ko daga Bawku, ko kuwa ta Yendi ya biyo daga iyakar Togo, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne yawan kekuna da babura. Maza na hawa, mata na hawa, 'yan makaranta na hawa, har dattijo da rawaninsa za ka gan shi yana tuƙa kekensa zuwa masallaci. Garin shimfiɗaɗɗe ne, ba tudu ba gangare, shi ya sa keke ya daɗe da zama jakin talaka a nan. Wani abin da ya bambanta Tamale da yawancin biranen ƙasar kuma shi ne, manyan titunanta an yi su ne da wata 'yar hanya a gefe domin masu keke, sannan ga wurin masu tafiya a ƙasa.

To amma a 'yan shekarun nan koke ya yi yawa a bakin masu zuwa cin kasuwa, musamman mata masu ɗauke da kaya a ka da kuma tsofaffi, cewa masu keke sun bar tasu hanyar sun hau inda aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa. Mutum na cikin tafiya sai ya ji ƙararrawa a bayansa, kafin ya waiwaya an goge shi an wuce. Shin da gaske ne abin ƙaruwa yake yi? In kuwa haka ne, me ya jawo?

Abin da ido ke gani

Wanda ya tsaya da hantsi ko da la'asar a kewayen Babbar Kasuwar Tamale ko kasuwar Aboabo ba ya bukatar a ba shi labari. A nan keke da mai tafiya a ƙasa da mai tura baro duk hanya ɗaya suke rububi. Amma idan mai karatu ya miƙe titin Bolgatanga ya yi nisa da tsakiyar gari, inda hanyar gefe take a buɗe, zai tarar mai keke yana tafiyarsa a inda aka tanadar masa, bai dami kowa ba. Mutanen dai su ne, kekunan ma su ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ruwa ba ya tsami banza.

Dalili na farko shi ne garin ya cika. Lokacin da Turawan Ingila suka mayar da Tamale hedikwatar mulkinsu ta Arewa a 1907, ƙaramin gari ne na Dagomba. Ƙidayar 2021 kuwa ta nuna mutum 374,744 a ƙarƙashin Majalisar Birnin Tamale, ga kuma 341,711 a Sagnarigu, wadda aka yanke daga jikinta a 2012, alhali a zahiri gari ɗaya ne. Mafi yawan waɗannan jama'a kasuwanni ɗaya suke ci, tituna ɗaya suke bi.

Dalili na biyu shi ne hanyar keke ta samu waɗanda suka fi keke ƙarfi. Da farko babura masu araha daga Sin da Indiya ne suka cika gari, suka riƙa bin hanyar gefe don guje wa cunkoso. Daga baya sai ga babur mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, wanda a Kano muke kira a-daidaita-sahu, mutanen Tamale kuma suke ce masa yalo-yalo, ga kuma Motorking mai dakon kaya. Yalo-yalo ba shi da tasha ɗaya, duk inda fasinja ya ɗaga hannu nan zai ci birki, kuma galibi a bakin hanyar keken yake tsayawa. Mai keke da ya ga gabansa a toshe, hagunsa kuma ga manyan motoci masu zuwa Burkina Faso, sai ya karkata dama ya haye wurin masu tafiya a ƙasa, domin can ne kawai ya fi ƙarfin wani.

Namu laifin

Hausawa na cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dalili na uku ya shafe mu kai tsaye, kuma bai kamata mu ɓoye shi ba. Mu 'yan kasuwa mu ne muke fito da tebur ɗaya gaban shago, gobe mu ƙara benci, jibi mu kafa laima. Mai gwanjo ya baza a ƙasa, mai doya ya tara tsibi, mai sayar da waya ya kafa akwatin gilashinsa. Motar albasa ta iso daga Nijar, ba a samu wurin sauke ta a cikin kasuwa ba, sai a jibge buhunan a hanyar gefe da sunan minti goma, minti goman ya zama wuni guda. Kowa a cikinmu taku biyu kawai ya ci, amma idan aka haɗa taku biyun mutum ɗari, hanya ta tafi.

Ba mu ce masu keke ba su da nasu ba. Akwai samari masu gudu a cikin jama'a kamar a filin tsere, akwai masu bin hannun da ba nasu ba, alhali tun 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, akwai kuma masu yawo da dare ba fitila ba birki. Sai dai mai hankali daga cikinsu ma, in ya iso bakin kasuwa, zaɓi biyu ne gare shi: ko ya shiga tsakanin motoci, ko ya shiga tsakanin mutane.

Doka da aljihunmu

Ya kamata baƙin 'yan kasuwa su sani cewa dokar hanya ta Gana ta 2012, wadda aka fi sani da L.I. 2180, ta haramta sayar da kaya ko baje su a kan titi da kuma hanyar masu tafiya a ƙasa. Majalisar Birnin Tamale ta sha fitowa da jami'anta tana kwashe tebura da rumfunan da suka tare hanya, kodayake bayan 'yan makonni akan koma gidan jiya. A irin wannan samame baƙo ne ya fi shan wahala. Ɗan gari ya san ranar da za a fito, ya san wanda zai je ya roƙa, amma wanda ya zo daga Maraɗi ko Sakkwato da jarin da ya ranto yana iya kwana uku yana zarya a kan kayansa, albasa kuwa ba ta jiran kowa. Haka nan idan keke ya kauce wa buhunanka ya buge wata tsohuwa, jama'ar da za su taru ba mai keken kaɗai za su tuhuma ba.

Gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi wajen gina gadar sama a tsakiyar garin, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya buɗe a watan Maris na 2022. Gadar ta sauƙaƙa wa motocin da ke ratsa gari, amma mai keke da mai tallar koko suna nan a ƙasa suna ta fama da juna. Abin da zai raba su bai kai kuɗin gada ba: a ware wa yalo-yalo wuraren tsayawa, a samar wa motocin kaya filin sauke kaya kusa da Aboabo, a ba masu ƙaramin jari gurbi a cikin kasuwa kafin a kore su daga titi, sannan 'yan sandan kula da hanya su riƙa tsayawa kullum, ba sai ranar samame ba.

Mu kuma namu aikin a bayyane yake. Hausawa sun daɗe a wannan ƙasa, tun zamanin fataucin goro zuwa Salaga, kuma amana da iya zama da mutane ne suka sa aka karɓe mu har muka kafa zango. Muna kira ga sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan hatsi da 'yan gwanjo da su ja kunnen mutanensu: a sauke kaya da asuba kafin gari ya cika, a ja tebur baya, kada a ajiye buhu ko ɗaya a hanyar keke. Limamanmu ma su riƙa tunatarwa, domin kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce a addininmu. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kuma kai kowa gida lafiya.